Rumfar Kajina

Ranar da muka je bakin teku a Dammam mu biyar ne: ni, da ɗana direba, da matarsa, da jikokina mata biyu. Da farko cewa na yi ba ni zuwa. Kajina huɗu suna kan rufin gidanmu a Manfuha, kuma zafin Riyad ba ya barin kaza ta wuni babu mai yayyafa mata ruwa.

Surukar tawa, wadda kullum nake wa faɗan zaman keken ɗinki, ta hau rufin. Ta haɗa buhunan shinkafa ta ɗinka rumfa, ta huda gorar ruwa da allura ta rataya, ruwan yana ɗiga kan buhun.

"Hajiya, taɓa ki ji," in ji ta.

Na taɓa, sanyi ƙalau. Na ce, "Ma gani."

Yara suna wasa a bakin ruwa, ni hankalina yana rufi. Da muka dawo can na fara hawa. Duk huɗun suna nan, har da ƙwai biyu.

Washegari na ciro atamfar da na hana kowane tela taɓawa, na ajiye mata kan keken.