Allon Suna Ya Cika

A shagon Thaddeus mai rubuta allunan suna a Dutse Alhaji, wani mutum yana tsaye rungume da jakar kwamfuta kamar wanda aka ba shi riƙon jariri. Kaftaninsa ya sha guga, amma wuyan ya fara zare, furfura kuma tana leƙowa ta ƙarƙashin hula.

Ya ajiye allon da ake ɗorawa a kan teburin ofis. An rubuta Hanif Ɗanjuma Bichi, sai jerin haruffan Turanci a baya, kowane rukuni shaidar wata jarrabawar ƙwararru da ya ci.

"Ga sababbi za ka ƙara mini. Wannan karon daga Ingila takardar ta zo."

Thaddeus ya san irinsu. Asabar da Lahadi suna aji, yaransu sun fi sanin ƙeyarsu a kan fuskarsu, ƙarin girma kuwa kullum ɗan ƙanwar darakta yake ganewa.

"Oga, wuri ya ƙare fa. Sai dai mu yi babban allo."

"Babba ba zai zauna ba. Mu uku ne a teburin."

"To, dole a cire wani abu."

Mutumin yana bin haruffan da yatsa kamar mai jan carbi, ya kasa rabuwa da ko ɗaya. Yatsan ya dawo baya, ya tsaya a kan Ɗanjuma.

"Cire sunan Baba," ya ce a hankali. "Shi ko firamare bai gama ba."