Ranar da Aka Ba Ni Kular Ruwa

An karɓe mini usur an miƙo mini kular ruwa, saura mako biyu wasan ƙarshe. A gaban yarana aka yi. Usur ɗin ya dawo, yana rataye jikin ƙusa a ɗakin da nake rubutun nan, amma dawowarsa bai goge mini ranar ba.

Ni na kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata a garinmu, Ikara. Shekara tara ina girki a wata makarantar kwana, tagar kicin tana kallon filin wasa. A nan na koyi wasan, da ido, ina tuƙa tuwo. Biro kuwa sai da na haura arba'in na riƙe shi, a ajin yaƙi da jahilci. Da na bar aikin girki sai na bi gida gida ina roƙon iyaye su ba ni 'ya'yansu. Zaure goma na durƙusa, wani sai da na koma sau huɗu. Wani malami mai karantar da littattafai ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya, ba ƙungiya na ba ba, ke na ba. Ki ɗauke ta da hannunki, ki maido ta kafin a kira magariba." Sauran ma kusan haka suka faɗa.

Yarana gajeru ne, babu abin ɓoyewa. Amma 'yan gona ne, masu dakon rake da ɗiban ruwa, numfashinsu ba ya ƙarewa da wuri. To na ce tunda ba za mu fi kowa tsawo ba, za mu fi kowa gudu. Na raba su biyar biyar. Biyar na farko su shiga su manne wa abokan wasa tun daga ƙarƙashin kwandonsu, kada a bar yarinya ta ɗaga kai. Minti huɗu, in busa, su fito, biyar masu sabon jini su shiga. Lugude na sa wa abin suna: taɓarya ɗaya na tashi ɗaya na sauka, turmi ba ya hutawa.

Wadda ta fi kowa iya luguden ita ce gajeriyar cikinsu, 'yar wani mai sayar da rake. Kanta da ƙyar ya kai kafaɗata, amma ƙwallo a hannun wata tamkar aro aka ba ta. Kafin ki waiga ta ɗauke.

Da muka kai wasan ƙarshe da 'yan Makarfi, labari ya zo cewa wani mutum zai zo daga wani kulob na Kaduna, irin masu biyan 'yan wasa albashi, ya duba yara. Nan ne shugaban kwamitinmu, wanda shekara uku bai taka filin ba, ya bayyana da wani saurayi mai farin takalmi.

"Hajiya, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Yanzu magana ta zama ta ƙwararru. Wannan koci ne, daga Zariya, yana da takarda. Ke sai ki riƙa kula mana da ruwan yara."

Na ce, "Alhaji, takardar ce za ta yi gudun?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya miƙo hannu. Na cire usur na ba shi.

Kocin ba mugu ba ne, abin da aka koya masa yake yi. Ya zana wa kowace yarinya wurin tsayawa a gindin kwando, ya ce manyan biyar su buga wasa tun daga farko har ƙarshe. Da aka zo rubuta sunayen da za a kai Makarfi, aka cire 'yar mai rake, aka sa 'yar ƙanwar shugaba, wata doguwa da ke karatu a Zariya. Wato mutumin Kaduna zai zo ya koma bai ga yarinyar da ta fi cancanta ya gani ba. Wannan ya fi usur ci mini rai.

Ranar Juma'a muka je wasan gwaji a Hunkuyi. Ina benci da kulata, 'yar mai rake a gefena cikin kayan gida. Zangon farko muna gaba, shugaba har da tafi. A zango na uku doguwar ta dafa gwiwa tana haki, sauran huɗun suna jan ƙafa kamar masu dawowa daga huɗa. 'Yan Hunkuyi suka yi ta zuba mana.

'Yar mai rake ta matso ta raɗa mini, "Inna, kin ga mai lamba bakwai ɗinsu? Ba ta iya hagu ba. Minti biyu kawai a ba ni."

Na ce, "Na gani. Sha ruwa, tunda shi aka bar mana."

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Can sai kocin ya juyo. "Inna, me ya sa suka mutu a zango na uku?"

Na ce, "Ɗan nan, ka taɓa daka?"

"A'a."

"Shi ya sa."

Yara suka fashe da dariya har direba. Kocin ma ya murmusa, ya ce in yi masa bayani. Kafin in buɗe baki shugaba ya ce daga kujerar gaba, "Babu wani bayani. Sunaye suna nan yadda suke, Litinin za a kai."

Muka iso gari. Na sauke kowace yarinya a ƙofar gidansu, ana shirin kiran magariba. A zauren mai rake uban ya tambaye ni ko ta buga. Na ce lokaci bai yi ba tukuna.

Washegari Asabar, ranar da muke horo da hantsi. Na yagi takarda daga littafin ajinmu, na rubuta da hannuna, da manyan baƙaƙen nan nawa marasa kyau: sunaye goma, na 'yar mai rake a sama. A ƙasa na rubuta cewa koci ya zauna kusa da ni, doguwar ta shigo ta zama ta sha ɗaya, amma lugude zai dawo. In ba haka ba, yau zan maida kowace yarinya hannun uban da ya ba ni ita, Alhaji ya je ya durƙusa a zaure goma ya roƙo da kansa.

Na bar kula a bayan ƙofa. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na kwaso su, muka wuce filin ba mu tsaya ba. A ƙofar gidan shugaba na jera su, na sa gajeriyar a gaba, na ɗaga murya na yi sallama.