Hoton Matar Baba Tsado

Baba Tsado maƙwabcina ne a unguwar Kpakungu da ke Minna, shagon ɗinkina yana jikin katangarsa. Shekara talatin ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar Minna. Tun da ya yi ritaya, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha labarin reluwe, ko yana so ko ba ya so. Ni kam na haddace, har gyara masa nake yi.

Hoto ɗaya tak gare shi na marigayiya matarsa: tana tsaye a bakin tasha da tiren gyaɗa a ka, tana hararar kyamara. Ban taɓa jin ya kama sunanta ba, sai dai "uwar yara".

Bara waccan wani mai shirya fim, Ernest, ya zo. Ya ce yanzu masu kallo a waya labarin gaske suke so, tarihin reluwe zai yi. Kwana uku Baba yana zuba, ba wanda ya yi hamma. Ernest ya ari hoton, da ya dawo da shi yana ta yabawa, sai Baba ya ce, "Riƙe, ɗana. Ba ka ce fim ɗin ba ya tsufa ba? A nan gara ce za ta ci."

Na so in hana, ban hana ba. Abin nan har yau yana damuna.

Da fim ya fito a intanet, hirar Baba minti biyu ce, hoton kuma ƙiftawar ido. Ko a jikinsa. Kullum bayan la'asar sai ya shigo shago in tsayar masa da fim ɗin daidai fuskarta. "Ka ga hararar nan? Tawa ce, ina bayan mai hoto."

Na gwada ɗauko hoton daga fim ɗin in adana a wayata, baƙi ƙirin ya fito. Na ce gobe zan ari wata waya in ɗauka. Haka na yi ta cewa gobe.

Ran nan muka buɗe, babu fim, an cire. Lambar Ernest ba ta shiga. Baba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce a hankali, "Sake dubawa. Rubuta Halimatu, ko za ta fito."

Ranar na fara jin sunanta a bakinsa. Na rubuta. Ba ta fito ba.