Tsushima Fumie, Mai Ƙwace Tsani

Kafin likita ya iso, Tsushima Fumie ta riga ta ɗumama tawul, ta jera majinyata a sashen gashin ƙashi na asibitin garinmu, kowa fuska a bango, yana jan yatsu sama a hankali. A nan yankinmu na noman tuffa, wanda ya ƙare rayuwa hannu a sama yana tsinkar tuffa, kafaɗa ce ke fara yi masa tawaye. Likita ya ɗinke jijiyar da ta yage, a yaba masa. Watannin kuka da zagi kuwa, Fumie ake bar wa. Wannan watan za ta ajiye aiki, ni dai raina bai so ba.

In kaka ta matso, mukan bi tuffa ɗaya bayan ɗaya a kan bishiya mu juya ta da hannu, don gefen da bai ga rana ba shi ma ya yi ja. Bara, daidai lokacin aka yi wa Baba Kasai Genzo tiyatar kafaɗa. Fumie ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya ɗaga hannun kafin ɗinkin ya kama, jijiyar za ta sake yagewa, kuma a shekarunsa ba lallai ta ɗinku ba. Ya sunkuya ya yi godiya. Mutanenmu kuwa gwanaye ne wajen sunkuyawa da ladabi, sannan su yi abin da suka ga dama.

Ranar da bai zo gashi ba, ta hau keke sai gonarsa. Ta same shi ƙafa ɗaya a kan tsani, maratayin hannunsa na lilo a reshe.

"Baba, sannu da aiki. Ashe reshen aka yi wa tiyata?"

"Ke 'yar nan, dubawa kawai nake."

"Da hannu ake dubawa? Sauko."

"So kike maƙwabta su ga tuffata rabi ja rabi fari? Gara hannun ya tafi!"

"Babu inda zai je. Ni na sha wahalarsa."

A gaban matarsa ta saɓa tsanin ta fice, ta yi abin da Baba zai gwammace mutuwa da ya yi: ta bi gida-gida neman taimako. Ranar Asabar tsofaffin majinyatanta suka cika gonar, masu ɗinkakkiyar kafaɗa da masu gyararriyar gwiwar hannu, suna juya tuffa, shi yana zaune a ƙasa yana masifa. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Ita ko a jikinta, ta ci gaba da gasa masa kafaɗa.

Ke ce kainuwa dashen Allah, Fumie. Kin yarda a ƙi ki don hannun mutum ya tsira. Masu shigowa aikin nan, ku koyi wannan taurin kai, ya fi murmushi amfani.

Mun gode. Baba ma ya gode, ko da bakinsa ba zai faɗa ba. Bana shi ya juya tuffarsa da kansa, har ta reshen ƙoli.