Sahabi da Ƙwayar Masu Albasa

Yayana Sahabi malamin asibiti ne a Maiyama, shekarun da aka ba mu jihar Kebbi. Mutum ne mai shiru har ya ba ka haushi. Ni ƙanwarsa Balaraba, duk surutun gidanmu ni aka bar wa.

Babban yayanmu Isiyaku manomin albasa ne a Aliero. Wata shekara da rani ya fara ɗashewa, dasashinsa na jini, ko buhu ba ya iya ɗagawa. Aka yi maganin zazzaɓi, aka ƙara masa jini a Jega, duk a banza. Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya rantse bai sha. Kuma ba ƙarya ya yi ba! Wurin manomanmu, ƙwayar ciwon baya da suke haɗiya da shayin safe kafin ban-ruwa ba magani ba ce, kamar goro take. Sahabi ne ya tsinci fankon kwalinta a aljihun rigar gonar Isiyaku.

Ya hau mota zuwa Sakkwato, inda ɗakin karatun likitoci ke da kwamfuta mai faifai, cike da rahotannin binciken duniya. Bai taɓa taɓa irinta ba. Ma'aikaciyar wurin, Malama Iklima, ta zaunar da shi ta ce na'urar nan ba ta jin labari, kalma take ji.

Ya buga sunan kasuwa na ƙwayar, ba ta san shi ba. Ya karanto ƙananan rubutun bayan kwali, ya buga sunanta na asali, fenilbutazon, sai ga rahotanni tuli, har da na dawaki. Iklima ta nuna masa: in ka sa "ko" tsakanin kalmomi, nema ya faɗaɗa, in ka sa "da", ya tsuke. Ya jera duk sunayen ƙwayar da "ko". Ya haɗa da zazzaɓi, bai ga ciwon yayansa ba. Ya goge, ya tuna abin da idonsa ya gani, ya sa ƙarancin jini, ya sa zubar jini, ya sa ɓargo. Rahotannin suka ragu, kuma maganarsu ɗaya: a jikin wasu mutane ƙwayar tana hana ɓargo yin jini.

Ya dawo ya durƙusa gaban Isiyaku ya ce, "Yaya, don Allah ka bar ƙwayag ga." Isiyaku ya bari. Amma ɓargon ya riga ya gama. Kafin a cire albasa muka rufe shi. Wallahi har yau in na ga mai tallar ƙwaya da tire a kasuwar Jega, zuciyata tafasa take yi.

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka zauna ƙofar gida. Baffa Usmanu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya taya haƙa kabari, ya dafa ƙugu ya ce bayansa ya riƙe, ya zaro ƙwayar daga aljihu, ya nemi ruwa. Sahabi, da ko ido bai taɓa haɗawa da Baffa ba, ya tsallake tabarma ya damƙe masa wuyan hannu gaban jama'a.

"Kai Sahabi, mi na haka?"

Sahabi yana hawaye ya ce, "Baffa, zage ni. Yau ɗaya munka binne, ya isa."