Ranar da Na Bar Ɗana a Benci

Shekarar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta kama hanyar faɗuwa, babu ranar wasan da ba mu taru a shagon tela a unguwar Hindawiyya ta Jidda ba. Ƙarfe huɗu ake take wasa a gida, mu nan Jidda shida ta yi ke nan, saboda haka da na tashi daga siton da nake dakon darduma a unguwar Madain Fahd sai in kamo hanya ko wanka ban yi ba. Telan dattijo ne ɗan garinmu, Alhaji muke ce masa. Yakan ture keken ɗinki gefe, ya jingina waya da gwangwanin maɓallai, mu bakwai ko takwas mu haɗa kai a kanta. Wani bawan Allah ne ke ɗauko mana wasan da wayarsa daga saman wurin 'yan kallo. Hannunsa rawa yake yi, in aka ci ƙwallo kuwa sai dai mu ga sararin sama ko takalman mutane.

Rabin zaman kallo ne, rabi kuma shari'ar koci. Alhaji yana bayansa. Kullum cewa yake an ba mutum jaki an ce ya yi sukuwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban mai ƙarar koci shi ne wani direba da ke tuƙa iyalin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a unguwar Safa. Iyayensa 'yan garinmu ne, shi kuwa a Jidda aka haife shi, ya ba arba'in baya, bai taɓa taka garinmu ba, amma ya san kowane ɗan wasa har da ƙafar da ke masa ciwo. Ni ma ba baya ba ne wajen musu. Na tsani yadda kocin yake tara mutane a baya kamar masu gadin rumbu, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

Abu ɗaya ne ba na sa baki a kansa. Ɗana na fari yana cikin ƙungiyar, ɗan baya ne, a shekarar aka ɗauke shi. Yana da shekara biyar na zo umara na zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, in na fita ba dawowa, ga gida ana jiran abin da zan aika. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ina da hotunansa, ina jin muryarsa a waya, amma ban taɓa ganinsa yana gudu ba. Tun farkon kakar wasa koci bai sa shi ko minti ɗaya ba, bencin kuma yana ƙarƙashin inda mai ɗaukar hoton yake tsayawa, ko ƙeyarsa ba na gani. Saura wasa huɗu. In ƙungiyar ta faɗi rukuni na ƙasa, can babu mai ɗaukar wasa. Kowa a shagon ya san abin da ke kawo ni, kuma babu wanda ya taɓa faɗa.

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane. Mahaifina har ya koma ga Allah "wancan yaron" yake ce mini. Ban taɓa jin zafi ba, don ina ganin yadda yake rage nama a kwanonsa ya turo mini shi ƙofar ɗaki ba tare da ya kalle ni ba. A haka na tashi, a haka kuma na ɗauka kowa ya san karatun.

Ranar da aka ci mu biyu da nema a gida, direba ya miƙe tsaye.

"Halas, shi ke nan," ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Kocin nan ba ya gani, mu za mu gani masa. Kowa ya faɗi mutum goma sha ɗayansa, in naɗa, in tura guruf ɗin magoya baya na waya. Wallahi kocin yana ciki, yana ji. Yalla, mu fara, ya Hajj, kai ne babba."

Alhaji ya ce shi ba ya koya wa maƙeri ƙira, amma da aka matsa masa sai ga shi ya canja gola da 'yan tsakiya biyu, muka yi ta yi masa tsiya. Aka zagayo kaina. Na jera gola, na jera 'yan baya huɗu, na wuce tsakiya.

"Ya ammi, tsaya," in ji direba, haka yake kirana, wato kawu. "Leish, don me? Ɗanka fa? Duk mu mun sa shi a dama."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana tsintar zare a gwiwarsa. Na ji kunya ta rufe ni har wuya, na ce abin da mahaifina zai ce.

"Wancan yaron bai isa ba tukuna. A bar shi a benci ya koyi zama."

Dattawan suka yi murmushi, don sun san abin da nake nufi. Direba ya ɗaga kafaɗa, ya danna waya ya tura. Ban ga laifinsa ba. Shi a inda ya tashi, uba da sunan ɗansa na fari ake kiransa, yana amsawa da alfahari. Ni ne na manta maganar za ta bar shagon. Magana kuwa zarar bunu ce.

Kwana biyu bayan nan yaron ya kira ni ina cin abincin rana a bayan sito. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Sai ya ce, "Baba, na ji saƙonku."

Na ce, "Surutun shago ne."

"Yaran ƙungiya suna ta kunna shi a wajen atisaye. Har koci ya ji, ya yi dariya." Sai ya ƙara da cewa, "Baba, ka taɓa ganin wasana?"

"A'a."

"To. Ba komai. A gaida su Alhaji."

Na riƙe wayar har ta yi duhu. Abin da zan faɗa masa yana bakina, gajere ne, amma ban san yadda ake fara shi ba, ba a taɓa yi mini ba. A lokacin na gane kuskurena. Ni ina da kwanon mahaifina da zan auna maganarsa da shi. Yaron nan ba shi da komai nawa sai murya, muryar kuma ga abin da ta ce. Na yi kewarsa a ranar fiye da duk shekarun da suka wuce, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Wasa na gaba aka yi canjaras, ba a sa shi ba. Na gaba da shi aka ci mu. Musu a shago ya ƙara zafi, wasu suna cewa a kori koci tun kafin wasan ƙarshe, Alhaji yana cewa ba a sauya mai tuƙi ana tsakiyar kogi. Ni dai na daina jera 'yan wasa. Direba ya lura, ya same ni a bakin shago ya ce, "Ya ammi, na yi ghalaɗ ne, na yi kuskure?" Na ce masa bai yi komai ba.

Ranar wasan ƙarshe sai mun ci za mu tsira. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, ana dawowa aka kira magariba. Muka bar wayar a kan teburin yanka, muka tafi masallaci. Allah ya yafe mini, ban san surar da liman ya karanta ba.

Da muka dawo direba ya riga kowa ɗaukar wayar. Ya karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, ya juyo ya kalle ni.

"An yi canji muna salla. An sa shi."

Suka buɗa mini hanya na zauna a gaba. Na kafa ido. Mutane ne ƙanana cikin riga iri ɗaya suna kai da komo a nesa, lamba ba ta karantuwa, fuska balle. Na bi wannan, na bi wancan. Na ɗauka jini zai gaya mini, bai gaya mini komai ba. Minti yana tafiya, ni kuma ina kallon 'ya'yan mutane.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Wanne ne ɗana?"

Ban taɓa faɗin kalmar nan a gaban mutane ba. Babu wanda ya kalle ni. Direba ya matso, ya ɗora ɗan yatsa a gefen gilashin.

"Ga shi, ya ammi, a dama. Dubi yadda yake karkata kafaɗa in zai juya. Tafiyarka ce sak."

Shi ne. Dogo ne, ya fi yadda hoto ke nuna shi, kuma yana da sauri, abin da ban gada ba ban kuma ba shi ba. Ya tare wani ɗan gaba a bakin layi ya ƙwace ƙwallo tsaf, Alhaji ya ce "Madalla" a hankali. Sau ɗaya ya yi sakaci aka wuce shi. Ban ƙara sanin inda ƙwallo take ba, shi kaɗai nake bi, in mai ɗaukar hoton ya kauce daga kansa sai in ji kamar in fizge wayar daga hannunsa. Kusan rabin awa na samu.

Aka tashi ba ci, muka faɗi. Hoton ya koma takalman mutane, sannan ya ɗauke. A bayana aka dasa sabuwar shari'a, wani yana cewa da an sa yaron tun farkon kaka da ba a kai ga haka ba, wani yana cewa gola ne ya kashe mu tun watannin baya. Direba ya zauna kusa da ni, ya ce cikin ƙaramar murya, "Da na sani, wannan tambayar taka ita zan naɗa in tura masa."

Na ce, "Ba ni wayar."

Ya danna wurin naɗa murya, ya miƙo mini, ya tashi ya ba ni wuri. Na fita bakin shago, motoci suna wucewa, jan ɗigon yana ƙiftawa yana jira na. Na daɗe a tsaye. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na ga wasan. Allah ya yi albarka."

Da safe amsarsa ta zo. Ya ce, "Amin, Baba. Ta yaya ka gane ni? Ai ba lamba a bayan rigata."