Bukar Mai Auren Dabino

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da yayana Bukar ya faɗo daga kan dabino a wani kwari bayan Bune. Ina ƙasa, ina riƙe da kekensa. Bai kai likita ba.

Sunana Mamadu. Ban yi lakwal ba, wato boko, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta ƙara gishiri. Na ga shekarun da shanu suka mutu a tsaye. Na binne mata da 'ya'ya biyu. Na yi Libiya na dawo da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasuwa. Duk wannan ban taɓa neman a sa shi a jarida ba. Na Bukar nake so a sa, don mutanen Gure da Damagaram suna cin dabinon kwarurukanmu ba su san ta yadda yake zuwa ba.

Dabino akwai mace, akwai namiji. Mace ke yin 'ya'ya. Namiji fure kawai yake yi, fari mai gari. Idan sanyi ya shigo, kuben furen mace ya tsage, sai an hau an cusa mata sili biyu ko uku na furen namiji, an ɗaure da ganye. Shi ne auren dabino. Iska takan yi aikin da kanta inda maza ke da yawa. To, maza sun ƙare a yawancin kwari, don duk mai ginin ɗaki namiji yake sarewa ya yi azara. Wa zai sa gatari a jikin mai ba shi abinci?

A bakin garkar mahaifinmu, lambun da ya bar mana a kwari, ta gabas, wajen tudun rairayi, akwai wani dogon namiji da Bukar ya hana a taɓa. Ango yake ce masa. Furensa ya fi na kowane gari, kuma macen da aka sa wa takan kama sosai. Kowace shekara Bukar zai hau ya yanko furen, ya shanya a inuwa, ya naɗe a tsohon zane, ya ɗaure a bayan keke, ya bi kwari kwari yana ɗaura aure, har ake masa laƙabi da Liman. Ba a biyansa. Al'ada ita ce in dabino ya nuna, mai itace ya aiko masa da nono guda, wato reshe ɗaya na 'ya'yan. Wasu su aiko, wasu su manta. Bai taɓa bin kowa ba.

Keken baƙi ne, ya girmi ɗansa na fari. Tsakanin kwari da kwari ba hanya, rairayi ne tudu bayan tudu, don haka keken ya fi shan turi a kan hawa. Mutanen Gidigir in sun hango shi sai su ce, "Liman, yau kai ka hau keken ko shi ya hau ka?" Da na dawo daga Libiya hannu wofi, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ƙafarka ba ta hawan itace, amma tana tura keke. Tashi." Na ce masa me ya sa ba zai nemi jaki ba kamar kowa. Ya ce ya gwada sau ɗaya, ya shiga salla ya fito ya tarar jakin ya cinye auren kwari guda. Keke ba ya ci, ba ya sha, sai dai kolaji, a yi masa faci in ƙaya ta huda shi.

Haka muka yi shekaru. Mu fita da bidon ɗin ruwa, da tabarma, da garin rogo da ƙuli-ƙuli, da butar shayi. Wata fitar mako guda, wata ta fi. Ba ma kwana cikin kwari, don sanyi da sauro a can suke taruwa. Ba ma kwana a kan tudu, don iska. Tsakiyar gangare muke shimfiɗa, mu hura wuta da ƙwallon goruba. Shi ke magana, ni ina ji. Ya san kowace macen dabino da halinta, wadda ke saurin buɗewa da wadda sai an dawo mata, kamar yadda mutum ke sanin 'yan unguwarsu. In mun iso garka ba ya hawa nan take. Sai ya zagaya, ya duba rijiya, ya duba rogo da rake, ya tambayi mai garka lafiyar yara, ya yi masa faɗa a kan busassun rassan da bai sare ba.

A gida ba a yaba masa. Lokacin furen dabino shi ne lokacin dashen albasa da ban ruwan alkama, kuma a lokacin yake ɓacewa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce inuwar giginya ta aura, na nesa ka sha. Ba ƙarya ta yi ba. Garkarmu ta sha ƙishi saboda garkar wasu. Ba na so a karanta wannan a ɗauka waliyyi ne. Yana da taurin kai, yana da faɗa, in ya ce gobe zai dawo ka ƙara kwana uku.

Ranar da abin ya faru muna garkar Ya Zara, wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bar mata dabino uku da jikoki. Hantsi ne. Ya gama biyu, ya hau ta ukun, ya ɗaure. Yana saukowa ya taka gindin wani tsohon reshe, ya ɓalle da shi. Ya yi shekara arba'in yana hawa. An ce gwani ruwa kan ci. Babu jini ko ɗigo, amma ƙafafunsa ba sa motsi.

Babu amalanke a kwarin ranar, maza sun tafi kasuwa da shanunsu. Muka ɗora shi a kan keken ni da matan garka, na ɗaure shi da igiyar hawansa, kansa a kafaɗata, na kama turi zuwa gudron, hanyar kwalta inda ake samun mota. A tudu na biyu ya buɗe ido.

"Mamadu."

"Na'am, Yaya."

"Na ɗaure ta ƙarshen?"

"Ka ɗaure."

"Ka gani da idonka, ko kana so in yi shiru?"

"Na gani."

"To, tura a hankali, ƙaton banza. Yau dai na hau keken nan a rairayi, bari in more."

Ya yi kalmar shahada kafin mu sauka gangaren. Na ci gaba da turi. Ba abin da za a yi a wurin sai turi.

Da dabino ya nuna a shekarar, Ya Zara ta zo har gida a kan jaki da nono guda, na itacen da ya faɗo daga kai. Ta ce ba ta taɓa ganin ta yi 'ya'ya haka ba. Ta ajiye a tsakar gida tana kuka. Matarsa ta shige ɗaki. Ba wanda ya iya miƙa hannu. Ni na zauna na ci. Hakkinsa ne, kuma dabino ne mai kyau.

Sanyin da ya biyo baya ba wanda ya fita. Ni ba na hawa. Lawan, babban ɗansa, yana wajen haƙar zinariya a arewa. Ango ya yi fure ya zubar a iska. Mutane suka ce ai dabino tun kafin Bukar yake 'ya'ya. Ya yi 'ya'yan kuwa, sirara, ba ƙwallo, ba zaƙi, rabi ya zube tun yana ɗanye. Ko awaki sai sun ga dama. Masu garka da yawa da dabino suke sayen geron da gona ba ta ba su ba. Shekarar sun ji a tukunya. Ba a sanin amfanin rijiya sai ta ƙafe. Waɗanda ba su taɓa aiko da nono ba su suka fara zuwa gaisuwa ta biyu, suna zagaye-zagaye kafin su tambayi ko Ango na nan.

Sai Lawan ya dawo, aka zauna rabon garka, rabina da rabin ubansa. Yana so ya yi aure, yana neman azara. Ya nuna Ango.

"Baba Mamadu, tudun nan ya kusa cin sa. Gara mu ci moriyarsa kafin rairayi ya riga mu."

"A'a."

"Itacen da ya kashe mini uba?"

"Ba shi ba ne. Mace ce, tana Bune."

"Baba, kai ko hawa ba ka iyawa."

"Kai ka iya."

Na juya wajen dattawa. Na ce a ba shi ɓangaren rijiya da matan dabino duka, a ba ni ɓangaren gabas. Dattawan da ke zaune suka ce in sake tunani, ɓangaren nan ba komai sai namiji guda da rairayi. Na ce na ji. Ban ga laifin Lawan ba. Yaro ne da ya tashi yana ganin bayan ubansa a kan keke, shi yana jan guga shi kaɗai. Maganarsa a kan tudun ma gaskiya ce. Azara ya samu a wani wuri. Da sanyi ya zo, wata safiya na fito na tarar da shi a gindin Ango da igiyar ubansa. Ya zagaya ta a jikin itacen, ya fara hawa.

Ina yawan tunanin abin da Bukar zai ce da ya leƙo yau. Yanzu ba a bin kwari kwari ana dubawa. Mai garka ne ke kira a salula ya ce tasa ta buɗe. Lawan ya ɗaure fure a moto, babur ɗinsa, abin da muke yi a mako ya yi shi kafin azahar. Na nesa ana aika musu ta motar kasuwa, samarinsu su hau da kansu. Na san zai yi tsaki. Zai ce girgizar moto na kakkaɓe gari, zai ce an mai da aure saƙo, ba wanda ke zama ya tambayi lafiyar yara. Bayan ya gama faɗan zai tambayi ko ta Ya Zara ta samu, a ce masa ta samu, jikanta ke hawa, tsohuwar ta rasu. Sai ya yi mata addu'a. Ina jin injin ban ruwa mai aiki da rana zai burge shi, don ya tsani jan guga. Amma da ya leƙa rijiya ya ga inda ruwan ya koma, da ya ga kwarin da muka taɓa kwana a gefensa ya zama tudu, kan dabino kawai ke leƙowa, ban san abin da zai ce ba.

'Yan furoje, masu aikin raya karkara, sun zo sun yi shingen kaba a kan tuddai da yawa, sun dasa itatuwa, wasu wuraren rairayin ya tsaya. Na gan su, sun yi aiki. Namu tudun ba ya cikin nasu lissafi. Na yi nawa shingen da hannuna, ya binne. Na sake, ya binne. Kowace shekara nakan sake, don yana rage masa gudu. Mun nemi ɗan tsiro a gindin Ango mu dasa a wani wuri, amma ya tsufa, ya daina fitarwa tun Bukar na da rai. Wasu masu garka sun fara barin mazan da suka tsiro musu, ba sa sarewa. Sai sun girma a ga irin furensu.

In aka tambaye ni me Bukar ya bari, ba gida ba ne, ba garke ba. Keken ya ruɓe, yara sun yi wasa da ƙafafunsa. Sunansa ma samarin yanzu ba su sani ba. Abin da ya rage shi ne a kwarurukan nan, in kube ya tsage, mutum ba ya zama ya jira iska. Yakan tashi ya nemi fure. Ɗansa da ya tsani aikin shi ke kaiwa. Ni a ganina wannan ya isa a ce mutum ya rayu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ango kuwa ba zai tsira ba, ba na yaudarar kaina. Rairayi ya hau shi har wuya. Itacen da sai gwani ke kaiwa kansa, bana a tsaye na yanki furensa da wuƙata, da wannan ƙafar tawa, na miƙa wa Lawan. Ya karɓa ya juya baya, ya daɗe yana ɗaure kayan da ya riga ya ɗaure. Ko ya sake fure sau biyu, ko sau uku, Allah ya sani.

Na bar gari na yi bukka a gangaren tudun, inda nake ganinsa daga ƙofa. Ina korar raƙuma kada su ci masa kai, tunda yanzu bakinsu na kaiwa. Nan nake.